Baƙar Rigar Samarin Ingila

Jama'a, ga labarin wata riga. A shekarar 1928 wani maɗinki a birnin New York na Amurka, Irving Schott, ya fito da rigar fata mai suna Perfecto domin mahaya babur.

Wajen 1976, sa'ad da marasa aikin yi a Ingila suka haura miliyan ɗaya, sai waɗansu samarin London masu kiɗan da ake kira pank suka rungumi irin wannan riga. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya yi nasa da hannunsa. Yaro ya samo tsohuwar riga a gwanjo, ya huda ta da basilla, ya jera ƙusoshin ƙarfe a kafaɗa, ya lanƙwasa ƙafafunsu ta ciki. Ya ɗauko farin fenti ya rubuta sunan mawaƙansa a baya, ko zambo ga masu mulki. Inda ta yage, ya kama da fil. Kowace riga tana faɗin abin da ke zuciyar mai ita.

To, kasuwa ba ta barci. Manyan maɗinka suka kwaikwaya suna sayarwa da tsada, har yagewar ma da gangan. A 2013 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya baje kolin irin wannan shiga.

Fatake, ku duba: abin da aka yi don gudun kasuwa ya zama haja. Amma mai saye fata da ƙusa kurum ya samu, fushin da ya haifi rigar yana wurin mai basilla.