LITTATTAFAN DA SUKA YI ZANCEN GONARKA

Ya kai manomin auduga, kada ka zaci masu littafi ba su san da kai ba. A manyan ɗakunan littattafai akwai waɗansu da suka yi zancen sana'arka, kuma ya kamata ka ji labarinsu.

Wanda ya fi tsufa shi ne Kitabul Filaha, watau littafin noma. Wani malami na birnin Ishbiliya a ƙasar Andalus, ana ce da shi Ibnul Awwam, ya rubuta shi da Larabci wajen shekara 800 da suka wuce. Ya kawo labarin tsire-tsire fiye da 500, har da auduga. Amma duba inda ya fara. Bai taɓa zancen iri ba sai da ya gama bayanin ƙasa, wace ce mai kyau, wace ce ta gaji. Daga nan sai taki, daga taki sai ruwa. Mu a ganinmu wannan jeri daidai ne, gama auduga mai cin ƙasa ce ƙwarai. In ka shuka ta shekara da shekaru a wuri guda, ba taki, ba canji da dawa ko wake, ko iri ya yi kyau ba za ka ga nauyi a sikeli ba. An juya littafin nan da Faransanci tun daga 1864.

Akwai kuma na Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, wanda ya bi ta Agadas da Tasawa ya isa Kano a 1851. Ya ƙiyasta kowace shekara ana kai tufafin Kano Tambutu, kayan raƙumi 300 ko fiye. Ashe noman kaɗa ba baƙo ba ne gare mu.

Na uku Polly Hill, mutuniyar Ingila, ta fitar da shi a 1972, a kan Batagarawa kusa da Katsina. Ta nuna yadda talauci kan hana mutum noma: rumbu ya ƙare da damina, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa kuwa ciyawa ta rufe. To, auduga ba ta jimrin wannan. In noman fari ya makara, hasarar ta riga ta shiga. Saboda haka kada ka ɗauki gonar auduga wadda ta fi ƙarfin hannuwan gidanka, kuma kada ta ci wurin hatsi.

In kana da yaro a makaranta, sa shi ya tambayi mai kula da ɗakin littattafai sunayen nan uku.