Ajiyar wa'adi a banki: Abin da takardar ta alƙawarta da abin da ta yi shiru a kansa

Ranar Litinin, 3 ga Yunin 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin Bankin Heritage. Daga cikin waɗanda labarin ya fi girgizawa har da masu ajiyar wa'adi, wato mutanen da suka miƙa wa bankin kuɗinsu na wani ƙayyadadden lokaci, suka karɓi takardar shaida mai ɗauke da ranar biya da adadin kuɗin ruwa. A wannan rana suka fahimci cewa ƙarfin takardar bai wuce ƙarfin bankin da ya sa mata hannu ba, sai fa abin da inshora ta ɗauka.

Tsarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Mutum zai ajiye kuɗi na kwana 30, 90, 180 ko shekara guda, bisa sharaɗin ba zai taɓa ba sai wa'adi ya cika, shi kuma banki ya biya shi ruwan da ya ɗara na asusun ajiya na yau da kullum. Bankin yana son wannan ciniki ne domin ya san ranar da za a dawo neman kuɗin, saboda haka zai iya bayar da su rance hankali kwance. Ga ma'aikacin da ya karɓi garatuti, ko ɗan kasuwar da ke jiran lokacin sayen hatsi, wannan wata hanya ce ta ɗaure hannun kai, kamar asusun laka na zamanin yarinta wanda ba a ganin cikinsa sai an fasa.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafi. Adadin da ake rubutawa a takardar na shekara ne, ko da ajiyar ta wata uku ce. A ce mutum ya ajiye Naira miliyan 1 a kan kashi 18 cikin 100 na kwana 90. Ba Naira 180,000 zai samu ba. Abin da zai hau kan kuɗinsa kimanin Naira 44,400 ne. Daga nan za a cire harajin kashi 10 cikin 100 na ruwan tun kafin ya shiga asusunsa, ya tashi da kusan Naira 40,000. Jami'in banki ba lallai ne ya yi wannan bayani ba idan ba a tambaye shi ba, kuma a gaskiya mutanenmu suna jin nauyin tambaya a gaban mai kwat da laktaya.

Sai babban ɓarawon da ba ya fasa ƙofa, wato hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin 100. Mu koma ga miliyan ɗayan nan, a ce an bar ta shekara cur a kan kashi 18. Bayan haraji mai ita zai karɓi Naira 1,162,000, lamba mai faranta rai a saƙon waya. Amma kayan da miliyan ɗaya ke saye a Disambar 2023 sun koma kimanin Naira 1,348,000 bayan shekara. Kuɗinsa sun ƙaru a takarda, abin da za su iya ɗaukowa daga kasuwa ya ragu da kusan Naira 186,000. Duk da haka, wanda ya bar tasa a ƙarƙashin katifa ya fi shi asara nesa ba kusa ba, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ajiyar wa'adi take da ita a irin wannan shekara: tana rage zafin dukan, ba ta hana shi.

Shi ya sa ciniki yake da muhimmanci. Ruwan ajiyar wa'adi ana daidaitawa ne tsakanin banki da mai kuɗi, kuma mai miliyan ɗari ba a yi masa tayin da ake yi wa mai dubu ɗari biyar. Akwai kuma ma'aunin da mai ajiya zai riƙe. Babban Banki ya wajabta cewa ruwan asusun ajiya na yau da kullum kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi kansa ya tsayar. Lokacin da ma'aunin ya kai kashi 27.5 a Nuwambar 2024, hakan na nufin kashi 8.25. Duk tayin da bai yi wa wannan fintinkau ba, bai cancanci a kulle kuɗi dominsa ba.

Sharuɗɗa biyu ne suka fi cizo daga baya. Idan larura ta taso mutum ya fasa ajiyar kafin lokaci, banki zai zaftare wani ɓangare na ruwan. Idan kuma wa'adi ya cika bai ce komai ba, sau da yawa ana sabunta ajiyar kai tsaye a kan ruwan da banki ya ga dama a ranar, wanda zai iya gazawa na farko.

Mu dawo kan Heritage. Wata guda kafin rufe shi, a Mayun 2024, hukumar inshorar kuɗaɗen ajiya ta NDIC ta ɗaga iyakar abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga Naira 500,000 zuwa miliyan 5, na ƙananan bankuna kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. Wannan ƙari ya ceci ƙananan masu ajiya, waɗanda aka riƙa tura wa kuɗinsu ta wasu asusunsu da aka gano da lambar BVN. Masu sama da miliyan 5 kuwa sai suka shiga layin jiran a sayar da kadarorin bankin a kuma karɓo basussukan da yake bi. Kason farko da aka raba musu a Afrilun 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira. Iyakar nan ta kowane mutum ce a kowane banki, don haka mai miliyan 15 da ya raba su a bankuna uku yana cikin inuwa gaba ɗaya, wanda ya tara su wuri guda kuwa kashi ɗaya cikin uku kawai aka lamunce masa.

Ga masu karatu da yawa, duk wannan lissafi bai taso ba, domin kuɗin ruwa riba ce da addini ya haramta. Su ma ba a rufe musu ƙofa ba. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021, akwai ajiyar wa'adi bisa tsarin mudaraba, inda banki ke juya kuɗin a raba ribar bisa kason da aka amince tun farko. A nan abin da ake rubutawa hasashe ne, ba lamuni ba, kuma ya kamata mai ajiya ya nemi ganin kason rabon a rubuce. Akwai kuma sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017 da Naira biliyan 100 domin gina tituna, ana kuma iya shiga da Naira 10,000. Sai dai wa'adinsa shekaru ne, na farkon bakwai, don haka bai dace da kuɗin makarantar yara da za a nema a watan Satumba ba.