Kafin ka aiki AI kasuwa, ka faɗa masa da kwano ake awo ko da buhu

Hutun da ya wuce na je gida Farin Dutse, na tarar da wani abokina da ya yi horon 3MTT yana ta fama da wani aiki da ya ɗora wa kansa. So yake ya haɗa ɗan aike na AI a WhatsApp, yadda manomi zai tambayi farashin riɗi ko gero a kasuwar Sara, shi kuma ya leƙa jerin farashin da abokin nawa ke tarawa ya kawo amsa. Muka zauna gwaji. Na rubuta, "Nawa ne buhun riɗi?" Sai ga amsa ta fito tsaf, da Hausa mai daɗi. Amma kuɗin da ya faɗa na kwano ɗaya ne.

Abokina ya hau faɗa, wai AI bai da kai. Da muka buɗe bayanin da ya rubuta wa manhajar da ke ɗauko farashin, layi ɗaya ne tal: tana kawo farashin hatsi. Bai ce na kwano ba, bai ce na buhu ba, bai faɗi ranar da aka ɗauki farashin ba. To ina laifin ɗan aike?

Ga abin da yawancinmu masu hira da ChatGPT a waya ba mu lura da shi ba. Wanda muke hira da shi magana kawai yake yi. Ɗan aike kuwa ana ba shi kayan aiki ne ya je ya yi abu: ya duba farashi, ya tura saƙo, wani lokacin har ya biya kuɗi. Kuma ba ya ganin cikin kayan aikin. Abin da yake gani shi ne sunansa, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike. Da wannan yake yanke shawarar wanne zai ɗauka da abin da zai sa a ciki. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP don haɗa AI da irin waɗannan kayan aiki, a 2025 OpenAI da Google suka karɓe shi. Tun daga nan 'yan layukan nan suka zama abin da komai ya rataya a kansu.

Yaya ake gane mai kyau? Gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar kwamfuta. Ka miƙa bayanin ga ƙanenka da bai taɓa ganin manhajar ba, ka ce ya faɗa maka yaushe zai yi amfani da ita, yaushe kuma bai kamata ba. In ya fara yi maka tambaya, kowace tambayarsa rami ce da AI zai faɗa, don shi sau da yawa ba ya tambaya, cike gurbin yake da zato.

Maganar ma'auni ita ta fi ci min rai. Paystack, da 'yan kasuwar intanet da yawa ke karɓar kuɗi da shi, da kwabo yake lissafi, kuma takardarsu ta faɗi haka ƙarara. Wanda ya haɗa ɗan aike da shi bai maimaita wannan a bayaninsa ba, ɗan aiken na iya rubuta 5,000 da nufin naira dubu biyar, a caji mai saye naira 50. Haka kwanan wata: 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Ba ma ƙananan masu koyo kaɗai ba. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, ɗayar kuma tana jiran ma'aunin mita da kilo. Abin mamakin, takarda ta faɗi daidai, manhajar ce ba ta bi ba. Ke nan karanta bayani bai isa ba, sai ka gwada ka ga ko abin da aka rubuta shi ke faruwa.

Sai kuma abin tsoro. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna cewa mugu zai iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, inda mai amfani ba ya dubawa amma AI na karantawa, ya sa shi kwashe bayanan sirri. In za ka ɗauko kayan aikin wani daga intanet, karanta bayaninsa duka tukuna.

Mun sake rubuta na abokina a daren. Layi ɗaya ya koma shida: farashin na kwano ne, da naira, na ranar kasuwar da ta gabata, kuma in babu farashin wani hatsi a ce babu, kada a ƙirƙira. Muka sake tambayar buhun riɗi. Wannan karon ya ce farashin kwano kaɗai yake da shi, ya tambaye mu kwano nawa ne a buhun namu.