Daga yaƙin Gawakuke zuwa teburin Yamai: yadda Damagaram da ƙasar Shehu suka bar gaba

Ranar 9 ga watan Agustan 2023, mako biyu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, iyakar Nijar da Najeriya tana rufe, an katse wutar lantarki, ƙungiyar CEDEAO kuma tana barazanar turo dakaru. A ranar ce aka ga hoton Janar Abdourahamane Tiani zaune da baƙi biyu a Yamai: Muhammadu Sanusi na biyu daga Kano, da Mai Martaba Sarkin Damagaram Abubakar Sanda Umaru, wanda ya yi masa rakiya. Manzanni da yawa sun zo kafin nan sun koma ba su ga Janar ɗin ba.

Wanda ya san tarihi ya ga wani abu dabam a hoton. Sanusi jinin Ibrahim Dabo ne, gidan da ya fitar da Sarkin Kano Alu Babba. Sarkin Damagaram kuwa yana zaune a kan gadon Amadu Kuran Daga, wanda ya kai wa Alu yaƙi har kusa da ganuwar Kano a ƙarshen shekarun 1890. Gidaje biyu da suka taɓa auna juna da bindiga, su ne suka haɗa kai don hana wani yaƙin. Ta yaya aka zo nan?

Inda aka raba gari

Tushen rabuwar yana shekarar 1804. A cikinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, jama'arsa suka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto. Kafin shekara biyar su cika, Kano da Katsina da Daura da Zazzau sun koma hannun masu tuta, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a cikinta.

Ya kamata a fahimci cewa ɓangarorin biyu duk suna kiran kansu Musulmi. Abin da aka yi jayayya a kai shi ne wane ne Musulmin ƙwarai. Jama'ar Shehu sun zargi sarakunan Hausa da cakuɗa addini da tsafi, da karɓar harajin da shari'a ba ta sani ba, da sayar da ƴantattun Musulmi a matsayin bayi. Sarakunan kuma suna kallon lamarin a matsayin tawaye da neman mulki.

Da wutar ta kai Borno, aka ci Birnin Ngazargamu a 1808, sai wani malami, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, ya shiga musayar wasiƙu da Muhammadu Bello ɗan Shehu. Hujjar al-Kanemi ita ce aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, don haka babu dalilin ɗaura wa ƙasar da ta daɗe da musulunta yaƙi. Bello ya amsa da cewa Borno ta taimaki sarakunan da ke yaƙar jama'a, wanda ya goyi bayan maƙiyi kuwa hukuncinsu ɗaya. Bello da kansa ya adana wasu daga cikin wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri. Babu wanda ya sallama wa wani. Al-Kanemi ya taso da runduna wajen 1826 ya doshi Kano, Yakubun Bauchi ya tare shi, daga nan kowa ya tsaya a inda ƙarfinsa ya kai.

Damagaram, wadda a lokacin take biyan gaisuwa ga Borno, ta zauna a ɓangaren da bai karɓi tuta ba. Wannan ya haɗa da ƙasar Mirya da ƙauyukan gabashinta irin su Hamdara.

Damagaram ta zama mafaka

Sarakunan da aka kora ba su ɓace ba, arewa suka yi. Bayan faɗuwar Katsina wajen 1807, Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram tsawon shekaru, daga baya ya koma yamma ya zauna a Maraɗi, inda zuriyarsa ke riƙe da sunan Sarkin Katsina har gobe. Zuriyar Sarkin Daura Abdu, wanda ake kira Sarkin Gwari, ta zauna a Zango da Ɓaure, inda ikon Damagaram ya riƙa isa. Gobirawa kuma suka ci gaba da faɗa.

A 1836 Sarkin Musulmi Bello ya haɗu da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke. Aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri, dab da Maraɗi. Daga nan aka shiga shekaru fiye da sittin na hari da ramuwa. Ɗan Baskore na Maraɗi ya yi suna da yawan hare-haren da ya kai ƙasar Katsina da Zamfara. Sakkwato ta gina ribaɗi a bakin iyaka. Tsakanin Katsina da Maraɗi garuruwa suka watse, daji ya cinye gonaki.

A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa, ya tara ƴan bindiga. Da Rabe ya rushe mulkin gidan al-Kanemi a 1893, Damagaram ta tsaya da ƙafarta, Kuran Daga ya juya kan Kano.

Talaka ne ya biya kuɗin wannan gabar. Duk wanda aka kama a hari bawa ne, ko yana salla ko ba ya yi. An sayar da mutanen ƙasar Kano a kasuwar Damagaram, an sayar da mutanen arewa a kasuwannin kudu, wasu aka bi da su ta Agadas zuwa Tarabulus. Yaƙin da aka fara da hujjar addini, zuwa ƙarshen ƙarnin ya koma na ganima da bayi da hanyar fatauci.

Abin da ya kashe wutar

Babu ranar da aka zauna aka rubuta takardar sulhu tsakanin Sakkwato da Damagaram, ko tsakanin Katsina da Maraɗi. Hare-haren sun tsaya ne da zuwan Turawa. Faransawa sun shiga Zinder a watan Yulin 1899 bayan yaƙin Tirmini, shekara guda da kashe kyaftin Cazemajou a garin, aka kuma kashe Kuran Daga a cikin shekarar. Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka shata iyaka, tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta tana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. A wurare da dama layin ya bi kusa da tsohuwar iyakar jihadi: ƙasar tuta ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi da Tsibiri da Damagaram suka faɗa hannun Faransa.

Sai dai hana yaƙi daban, daina gaba daban. Abubuwa huɗu ne suka yi aikin na biyu.

Na farko kasuwa. Ko a lokacin yaƙi ayari bai daina tafiya ba. Gishirin Bilma da kanwa da dabbobi suna gangarawa kudu, rigunan Kano da turkuɗi da goro suna hawa arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Magarya da Matamaye ta samu hanya ta can. Yau ma manomin Hamdara da ke da wake ko rago, farashin da zai samu yana rataye da abin da ake ciki a kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa, da yadda naira ta kwana a kan sefa.

Na biyu karatu. Almajiran Damagaram sun cika tsangayoyin Kano da Zariya da Borno, malaman kudu kuma sun zauna a Zango da Birni. Ƙadiriyya da Tijjaniyya ba su san iyaka ba. Faila ta Shehu Ibrahim Inyas ta bazu a Nijar da taimakon malaman Kano, Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta shigo Maraɗi da Damagaram ta hannun ƴan kasuwa da ɗalibai. Littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u ana karanta su a zaurukan jikokin waɗanda suka yaƙe su. Tambayar da aka zub da jini a kanta a 1804 ba a amsa ta da takobi ba, mutane ne suka daina yi wa juna ita.

Na uku aure da ƙaura. Lokacin da harajin Faransa da aikin tilas suka yi tsanani, ƙauyuka sukutum sun tsallaka kudu, wurin waɗanda dā ake gudun harinsu. Ƴan cin rani suka bi. Yau da wuya a sami gida a Magarya ko Dungas da ba shi da dangi a Daura ko Gumel ko Ɓaɓura.

Na huɗu wasa. Bafillace da Babarbare, waɗanda kakanninsu suka kara a Ngazargamu, abokan barkwanci ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa a yi dariya. Haka Bakano da Badamagare. Zagin da dā zai jawo takobi ya koma abin gaisuwa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Nijar a cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam.

Sarautu ma sun sami wurin zama. A 1906 Ingilishi suka mayar da zuriyar Sarkin Gwari kan gadon Daura ta hannun Malam Musa. Gobir tana da sarki a Tsibiri, tana da sarki a Sabon Birni. Katsina tana da sarki a Katsina, tana da sarki a Maraɗi, suna kuma halartar naɗi da ta'aziyyar juna. Ba a tilasta wa kowa ya yar da tarihinsa ba.

Bayan ƴancin kai

Gwamnatoci sun zo sun tarar da zumuncin ya riga su. A yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, mai mazauni a Yamai. Wutar da ke haska Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi.

Ba a rasa saɓani ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a 1984 ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar sunansa. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Na 2023 ya fi su haɗari domin an ambaci yaƙi. Amma majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, sanatocin arewa suna tuna wa gwamnati cewa jihohi bakwai ne ke jingine da iyakar mai tsawon kusan kilomita 1,500. Bayan Sanusi, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta isa Yamai. Ranar 19 ga Agusta, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar na uku, jinin Shehu, ya zo tare da Janar Abdulsalami Abubakar. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris.

Idan aka duba wasu wurare za a ga girman abin da aka samu. Indiya da Pakistan sun rabu a kan addini a 1947, sun yi yaƙe-yaƙe, har yau iyakarsu cike take da sojoji, ɗan'uwa ba ya ziyartar ɗan'uwa sai da wahalar biza. A Arewacin Ayalan sai a 1998 aka cim ma yarjejeniya tsakanin Katolika da Furotesta. A nan kuwa rabuwar ta bar harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, kasuwa ɗaya, shi ya sa ta yi saurin warkewa.

Abin da ya rage

Wannan ba ya nufin an gama. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. A Disambar 2024 Janar Tiani ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula ƙasarsa, Abuja ta musanta, sai a watan Afrilun 2025 ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu suka zauna a Yamai. Dazuzzukan da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara, inda mahara suka yi ta kai-kawo a ƙarni na 19, sun sake zama maɓoyar ƴan bindiga masu satar mutane da shanu. A gabas, Boko Haram ta dawo da tsohuwar ɗabi'ar kafirta Musulmi don halatta jininsa, abin da al-Kanemi ya yi gardama a kai shekara ɗari biyu da suka wuce. Ita kanta Damagaram ta ga yadda fushi da sunan addini ke ƙona gari a ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar adawa da zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe aka cinna wa majami'u wuta, aka rasa rayuka.

Ana yawan cewa Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Maganar gaskiya ce, amma tarihi ya nuna akwai lokacin da Ɗanjuma ya kama Ɗanjummai ya sayar. Abin da ya sauya lamarin shi ne fatake da almajirai da amare da ƴan cin rani da suka yi ta tsallaka iyaka shekara da shekaru. Duk ranar da aka rufe hanyar Ɗan Barto ko ta Tinkim, su ne na farko da ake tsarewa.