Lauyoyinmu da Shafukan Sada Zumunta: Ina Iyakar Talla?

A da, idan rigimar fili ko ta gado ta taso wa mutum a Nima ko Zongon Kumasi, sai ya tafi wurin mai unguwa ko liman ya tambaya wane lauya za a iya amince masa. Yanzu kuwa matasanmu waya suke ɗauka su duba Facebook. Mu ma 'ya'yan zongo mun fara samun lauyoyi namu, maza da mata, kuma da yawansu na tambaya: shin ya halatta su tallata kansu a waɗannan shafuka kamar yadda mai sayar da atamfa ke yi?

A nan Ghana ba a ɗaukar lauya a matsayin ɗan kasuwa. Dokar aikin lauya ta 1960 ta ɗora wa hukumar General Legal Council alhakin kula da tarbiyyar lauyoyi, ƙa'idojin 1969 kuma suka hana lauya yin talla ko farautar masu shari'a. An sake ƙa'idojin a 2020, amma har yanzu ba a yarda lauya ya riƙa bin wanda bai san shi ba yana roƙon a ba shi aiki don neman kuɗi.

Wanda yake ganin abin wasa ne, to ya tuna da Lauya Francis-Xavier Sosu. A 2017 hukumar ta dakatar da shi na shekara 3, kuma cikin abin da aka tuhume shi da shi har da sa hotuna da bayanin wata shari'a a Facebook tare da sunan ofishinsa da lambar waya. Ya ɗaukaka ƙara, ya koma bakin aikinsa, a 2020 ma mutanen Madina suka zaɓe shi ɗan majalisa. Amma ƙaramin lauyan da bai daɗe da fita makaranta ba, ba lallai ne ya iya tashi daga irin wannan faɗuwa ba.

To mene ne ya rage wa lauya? Abin da ya rage shi ne abin da jama'armu suka fi bukata, wato ilmi da harshen da suke ji. Dokokin ƙasar nan da Turanci aka rubuta su, iyayenmu da yawa kuwa ba su yi boko ba. Mutum nawa ne a zongo suka san cewa tsarin mulkin 1992 ya ce wanda 'yan sanda suka kama a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi? Nawa suka san dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya, alhali ana tatsar mutane kuɗin shekara biyu? Nawa suka san dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda, ko kuma yadda dokar gado ta 1985 ke raba dukiyar wanda ya rasu bai bar wasiyya ba? Gidaje da yawa sun watse saboda rashin sanin waɗannan.

Lauyan da ya ɗauki waya ya yi bayanin ɗaya daga cikinsu da Hausa na minti uku, muryarsa za ta zaga ƙungiyoyin WhatsApp tun daga Ashaiman har Tamale, ta isa ga 'yan'uwanmu mazauna Jamus da Amurka masu aiko kuɗin gini gida. Bai ce a zo wurinsa ba, amma ranar da wata matsala ta taso, sunansa za a fara tunawa.

Sai dai akwai abin kiyayewa. Kada ya bayyana sirrin wanda yake karewa, domin a zongo ko an sakaya suna kowa ya san gidan da ake nufi. Kada ya yi alkawarin cin shari'a, ko ya ce ya fi wani lauya, ko ya yi sharhi a kan shari'arsa da ke gaban alƙali. Wanda ya kawo masa matsalarsa a bainar jama'a, ya ce masa su gana a ofis.

Ta fannin zumunci da abokan aiki kuwa, shafi irin LinkedIn na haɗa ƙaramin lauya da manyan da a da sai da hanya ake ganinsu. Hausar ma jari ce: ɗan kasuwar Kano ko Yamai da kayansa suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema zai so lauyan da zai fahimce shi ba tare da tafinta ba.

Mu kuma masu neman lauya, kada baƙar riga a hoto ta ruɗe mu. Kowane lauya sai ya sabunta lasisinsa duk shekara, kuma a 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardun da lauya marar lasisi ya shigar kotu ba su da inganci. Kafin mu aika wa kowa kuɗi ta waya, mu bincika sunansa wurin hukumar, mu kuma taka har ofishinsa. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar gwamnati ta Legal Aid mai taimakon marasa ƙarfi.

Allah Ya ƙara mana masu ilmi, Ya tsare mu da sharrin 'yan damfara, amin.