Ƙauri Daga Soket: Abin Da Za Ku Yi Kafin Ya Zama Gobara

Idan kuka ji ƙaurin roba, ko ƙarni kamar na kifi, yana fitowa daga soket ɗin ɗaki, alama ce cewa waya ko robar soket ɗin ta fara narkewa. Gobarar lantarki sau da yawa da haka take farawa, tun kafin a ga hayaƙi. Lokacin hunturu, da komai ya bushe ga kuma iska, haɗarin ya fi yawa a garuruwa irin su Safana da Batsari, inda ake tara kara da harawa a cikin gida.

Me ke kawo ƙaurin?

Wutar da KEDCO ke kawowa gidaje tana da ƙarfin bolt 230, kuma soket na gida an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Dutsen guga da hitar dafa ruwa kowanne kan ja wat 1,000 zuwa 2,000. Idan aka jona su tare a waya ɗaya, musamman siririya mai araha, sai ta ɗauki zafi.

Wani dalilin shi ne sakin ƙusar da ke riƙe waya a bayan soket. Wurin yakan yi ta tartsatsi yana zafi, amma fis ba ya ƙonewa, domin wutar da ke wucewa ba ta ƙaru ba. Ɓera ma kan ci robar waya a cikin silin.

Matakan gaggawa

1. Ku kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni. Kashe soket ɗin kaɗai bai isa ba. Idan janareta ko sola ke ba ku wuta, ku kashe su.
2. Ku fitar da yara, tsofaffi da masu asma daga ɗakin.
3. Bayan an kashe wuta, ku zare abin da aka jona da busasshen hannu, kuna sanye da takalmin roba.
4. Ku janye katifa, labule, tabarma da jarkar fetur daga wurin.
5. Idan wuta ta kama, kada ku watsa ruwa matuƙar akwai lantarki a layin. Ku zuba yashi. Idan ta fi ƙarfinku, kowa ya fita, ku nemi agajin maƙwabta, ku kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112.

Kada ku sake amfani da soket ɗin sai ƙwararren mai gyaran wuta ya buɗe shi ya duba wayoyin. Idan an ɗauke wuta ƙaurin ya lafa, matsalar tana nan. Za a iya dawo da wutar da tsakar dare kowa na barci.

Illar hayaƙin ga lafiya

Robar waya idan ta ƙone tana fitar da iska mai yaji da ke sa tari, zafin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro, tana kuma tayar da asma. Hayaƙin gobara yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ba ta da wari. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, amai da suma.

Idan wani ya ji rauni

Wanda wuta ta riƙe, kada ku taɓa shi da hannu. Ku kashe makunni, ko ku ture wayar da busasshiyar sanda.

Ƙuna kuwa, ku kwarara mata ruwa mai tsabta na minti 20, ku cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, sannan ku rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri, kada kuma a fasa ƙurajen ruwan da suka taso.

Yaushe za a je asibiti?

Ku hanzarta zuwa asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Batsari, idan akwai wahalar numfashi, dusashewar murya, ciwon ƙirji, bugun zuciya ba daidai ba, suma, ko ƙuna a fuska, hannu ko al'aura. Yaro ko mai juna biyu da wuta ta ja, a kai su ko da ba a ga rauni ba, domin lantarki kan yi ɓarna a cikin jiki alhali fata ba ta nuna ba. Ƙuna mai faɗi za a iya tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Kafin ku kwanta kullum, ku zare dutsen guga, hita da caja daga soket.