Ƙofar Kudu: Filin da Kano Ke Gaida Sarkinta

(Busar algaita, sannan ta lafa)

Daga nan Mubi, shirinmu na musamman na yau zai kai mu birnin Dabo, mu tsaya a filin Ƙofar Kudu, ƙofar fadar Sarkin Kano.

Duk wanda ya tashi a garin da ke da sarki ya san ƙofar fada. Mu ma nan muna da tamu, kuma mun san yadda take cika ranar Sallah. To ta Kano tana gaban ɗaya daga cikin tsofaffin fadojin da har yau sarki ke zaune a cikinsu. Gidan da ke wannan wuri ana ce masa Gidan Rumfa, da sunan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina shi, shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano har ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Tarihin Kano ya ce kakaki da figini ma a hannunsa suka shigo sarauta. Saboda haka idan ka ji kakaki ya tsaga filin nan, sautin ya haura shekara 500 yana tashi a garin.

Ita ƙofar kanta ba ta kai gidan tsufa ba. A ƙarni na 19 aka fitar da ita, zamanin sarakunan Fulani, ta zama babbar mashigar fada.

A ranar da ba biki, filin ba shi da wani abin ɗaukar ido. Rana ce da ƙura, sai dogarai cikin jan kaya da kore suna zaune a inuwa, masu ƙara suna jiran a yi musu iso, wani hakimi ya sauko daga mota ana gyara masa rawani. Ni a ganina nan darajarsa take. A tsakiyar birnin da kowane taku na ƙasa kuɗi ne, an bar wannan sarari ba shago ba rumfa, don kawai a sami inda sarki da talakawa za su haɗa ido.

(Kiɗan tambari)

Washegarin Sallah da la'asar ake Hawan Daushe. Sarki kan fita ya je Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa, ya zaga unguwannin cikin gari, sannan ya ɓullo Ƙofar Kudu. Kafin ya iso, hakimai sun riga sun wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa da zagaginsa, da makaɗansa, da kalar kayan gidansu. 'Yan lifida su wuce, 'yan sulke su biyo, 'yan bindiga su cika sama da hayaƙi. Sai ka hango laima tana juyi, ka ji guɗa ta ɗauka daga kan katanga.

Daga nan sai jahi. Sarki ya tsaya kan dokinsa a bakin ƙofa. Mahaya su jeru a can ƙarshen fili, su saki linzami, su taho a sukwane kamar za su bi ta kansa. Sai sun zo dab da shi su ja dawakin su turje, su ɗaga hannu a dunƙule, su yi gaisuwa. Shi kuwa ko gezau. Asalin abin na yaƙi ne: kowane hakimi yana nuna dawakinsa lafiyayyu ne, mutanensa a shirye suke, kuma har yanzu yana kan mubaya'a. Yau ba yaƙin da za a fita, amma kada wani ya ce maka wasa ne kawai. Mutanen gari suna lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya daɗe yana karɓar wannan gaisuwa a zamanin mulkinsa, daga 1963 zuwa rasuwarsa a 2014.

Idan ka je, kada ka tsaya a filin kaɗai. Ka tsallaka titi ka shiga Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun yi ofis a cikinsa, yanzu kuma gidan tarihi ne. Ku lura da shekarar nan, masu sauraro: a 1903 ɗin ne Jamusawa suka kama Mubi. Kano ta faɗa hannun wani Bature, mu muka faɗa hannun wani, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 muka tabbata ƙasa ɗaya. A ɗaya gefen fadar kuma akwai babban masallacin Juma'a, wanda aka sabunta gininsa zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ta gada. Abin takaici, karramawar ta zo daidai lokacin da rikicin sarauta ya raba kan masarautar, har 'yan sanda suka riƙa hana hawan saboda gudun tarzoma. Masu sayar da kayan doki, da maɗinka, da makaɗa, su suka fi kowa jin wannan a aljihunsu. Don haka mai niyyar tasowa daga Mubi don ganin Daushe, ya tambayi 'yan'uwa na Kano ko za a hau bana kafin ya biya kuɗin mota, domin tafiyar ba 'yar ƙarama ba ce.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.